Akwatuna Shidan Da Zuma Ta Ƙi Shiga

Akwatunan kiwon zuma 12 muka kafa a gonar kawuna, a wani ƙauye da ke kudu da Zariya, a makon farko na watan Oktoba. Kafinta ɗaya ne ya haɗa su, da katakon malaina iri ɗaya da awo ɗaya, kuma rana ɗaya muka jera su a inuwar ɗorawa da mangwaron da ke bakin fadama. Kafin Nuwamba ya ƙare zuma ta shiga 5. Sauran 7 suna nan fayau. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan lamari filla-filla shi ne, duka biyar ɗin da zuma ta shiga ba su da fenti ko ɗigo, shida daga cikin bakwan da ta ƙi kuwa su ne waɗanda muka fi kashe wa kuɗi, waɗanda aka shafe ciki da waje da koren fenti mai walƙiya.

Ba da niyyar gwaji muka raba su haka ba. Kuɗin fentin da na bai wa kafinta galan ɗaya ya saya, ya ƙare a akwati na shida. Na so a jira in ƙaro, Kawu ya ce lokaci ba zai jira mu ba, ruwa ya fara ɗaukewa, zuma ta fara tashi, a kai su haka nan. Aka ɗora su a kan amalanken shanu kwana uku bayan shafa ta ƙarshe. Na taɓa su da hannuna a ranar, sun bushe ƙamas, ko alamar danƙo babu. A ganina a lokacin, magana ta ƙare.

Akwatunan irin na Kenya ne, wanda Maurice Smith da Gordon Townsend na Jami'ar Guelph da ke Kanada suka tsara a 1971 domin masu kiwon zuma na Afirka. Kamar kwamin ba dabbobi ruwa yake, sama da faɗi, ƙasa a tsuke, tsawonsa ya kusa mita ɗaya. A samansa ake jera sanduna masu faɗin milimita 32, kowace sanda zuma ta rataya saƙa ɗaya a jikinta. Ba shi da tsada kamar akwatin Langstroth mai hawa-hawa, kuma duk kafintan da ya iya awo zai haɗa shi. Shi ya sa ya yaɗu a wurinmu.

Akwai wani bambanci da ban yi la'akari da shi ba sai daga baya. A Amurka da Turai mai kiwo yakan sayi ƙudan zumarsa ne tare da sarauniya, ya juye su cikin akwati, ya ba su ruwan sukari. Ko da ɗan warin fenti, mafi yawa sukan haƙura su zauna. Bayanan da na karanta a intanet kafin mu fara daga can suka fito, shi ya sa wasu ke cewa kwana biyu ko uku bayan shafa fenti sun isa. Mu kuwa ba mu zuba zuma. Akwati muke ajiyewa mu koma gefe, ita ce za ta zo ta duba, ta yarda ko ta wuce. Ga kogon kuka, ga ramin tsamiya, ga amyar maƙwabci a kan gawo, duk suna jiranta. Ƙudan zumarmu ta Afirka ta Yamma kuma an san ta da saurin yin ƙaura idan wuri bai yi mata ba, ba ta da haƙurin 'yar'uwarta ta ƙasashen sanyi.

Yadda take zaɓen ma abin lura ne. Idan gida ya cika ya rabu, tsohuwar sarauniya kan fita da wani kaso na jama'arta, su dunƙule a reshe. Daga nan wasu ɗaruruwa a cikinsu su bazu neman masauki. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya shafe shekaru yana bin waɗannan masu neman gida, ya nuna cewa wadda ta samu rami ba leƙawa kawai take yi ba. Shiga take yi ta fita, ta sake shiga, tana tattaka bangon ciki da ƙafa har ta auna girmansa, sannan ta koma ta yi rawar da ke sanar da sauran. Gwargwadon yadda wurin ya gamshe ta, gwargwadon daɗewar rawar. Duk wannan zagayen kuma tana yin sa ne cikin duhu, da 'yan ƙahonnin nan biyu na kanta da take jin ƙamshi da su. Lokacin da aka kammala karanta ƙwayoyin halittar ƙudan zuma a 2006, an samu tana da nau'o'in masu karɓar ƙamshi kusan 170, alhali sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro 79 gare shi. Halittar da ke gane 'yar gidansu da ƙamshi, ta gane fure da ƙamshi, ta gane sarauniyarta da ƙamshi, ita muka gayyata cikin akwatin da aka shafe kwana uku da suka wuce.

Kawu ne ya gano matsalar, kuma bai buƙaci ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai ba. A ƙarshen Nuwamba muka zaga da hantsi. Ya tsaya gaban akwati na uku, ya ɗaga murfin kwanon, ya zare sanduna huɗu daga tsakiya, ya sunkuya ya tura kansa ciki. Da ya ɗago sai da ya goge idonsa da bakin riga.

"Ɗana, zo ka sa hancinka a nan."

Na sunkuya. Daga waje babu abin da ake ji, amma a ciki, inda rana ta ɗumama iskar da ke kulle, warin kananzir ne ya doke ni har maƙogwaro, ga wani ɗaci-ɗaci a bayansa. Mako bakwai ke nan da shafa fentin.

"Kawu, ai ya bushe tun kafin mu ɗauko su."

"Ya bushe a hannunka," in ji shi. "Kai za ka kwana da iyalinka a ɗakin nan?"

Daga nan ya ja ni rumfarsa inda ya jingine amya biyu da ya gama shiryawa. Ya ce in shinshina. Ƙamshin hayaƙi ne da busasshiyar ciyawa da tsohon kaki. Kawu ya fi shekara arba'in yana ɗaura amya. Yakan saƙa ta da ciyawa, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya bar ta ta bushe sarai, sannan ya kifa ta a bakin rami ya turara ta da haɗin da ya gada wurin mahaifinsa. A wurinsa, saƙar amya rabin aiki ne, sauran rabin ƙamshi ne. Ya tuna mini ayar Suratun Nahli da ta ambaci gidajen zuma a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa, ya ce ko wanda mutum ya gina, ita aka bai wa ilhamar zaɓa.

Washegari na koma wurin kafintan, ba don faɗa ba, don in san abin da aka yi daki-daki. Bai ɓoye mini komai ba. Fentin mai ne, irin na ƙofa da taga. Ya tsinka shi da kananzir don galan ɗin ya kai. Ya yi shafa biyu a yini guda, ta safe da ta la'asar, masu kauri, don ya yi sheƙi. Da ya gama ya mayar da sanduna da murafe, ya ɗora akwatunan kan juna a ƙuryar shago don kada ƙura ta ɓata su. "Maigida, gani na yi in an shafe cikin gara ba za ta ci ba," in ji shi. Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma laifin nawa ne da ban gaya masa abin da akwatin yake buƙata ba, domin ni ma ban sani ba.

Kowane mataki a cikin waɗannan ya ƙara wa matsalar kwana. Fentin mai ba kamar rigar da aka shanya yake bushewa ba. Da farko abin da aka tsinka shi da shi ne ke tashi, cikin awa 6 zuwa 8 saman ya daina kama hannu. Bayan nan man da ke ciki yake fara haɗuwa da iska yana ƙanƙamewa a hankali, daga sama zuwa ƙasa, kuma wannan kan ɗauki mako ɗaya zuwa wata guda, yana fitar da wari duk tsawon lokacin. Shi ya sa ake rubutawa a jikin gwangwani a bari awa 16 zuwa 24 tsakanin shafa da shafa. Idan aka ɗora ta biyu kan ta farko da ba ta nuna ba, sai saman ya yi fata ya rufe ɗanye a ƙasa. Kananzir kuma ya fi tina nauyin tashi, ga shi malaina katako ne mai taushi da ke shanye shi. Sannan aka rufe akwatin, aka hana shi iskar da fentin ke buƙata. Da muka kai gona muka jera sanduna ƙam-ƙam, muka sa murfi, ƙofar da ta rage ita ce 'yar tsagar da zuma za ta shiga. Warin ba shi da hanyar fita sai ta wurin da muke so baƙuwarmu ta shigo.

Cikin akwatin zuma bai ma buƙatar fenti tun asali, kowane iri ne. Zuma tana da nata. Takan ɗebo ƙaron itatuwa ta haɗa da kaki, ta yi wani danƙo mai duhu da take shafe bango da shi, ta toshe tsaga, kuma wannan danƙon yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. A kan katako mai ɗan kaushi ta fi shafa shi. Ɗanyen katako kuma yana shan laimar numfashinsu da ta ruwan furen da suke busarwa, ya saki a hankali. Bango mai santsin fenti kuwa gumi yake yi.

Biyar daga cikin masu fentin muka kwaso zuwa gida a farkon Disamba. Na shidan, wanda ke can ƙarshen layi, mun tarar iska ta yar da murfinsa, sandunan sun tarwatse, da alama ya jima a haka, domin har busassun ganye sun taru a ciki. Kawu ya shinshina ya ce wannan da sauƙi, a bar shi a buɗe. Bayan mako uku muka goga masa kaki muka rufe. A watan Janairu, lokacin da mangwaro da kaɗanya suka yi fure, zuma ta shiga. Fenti ɗaya ne da na sauran, rana ɗaya aka shafa. Iska kawai ya sha.

Sai dai wannan akwatin ya sake koya mana wani abu a watan Afrilu. Da yake a ƙarshen layi yake, ranar la'asar takan same shi a gefe. Zuma tana riƙe ɗumin wurin 'ya'yanta a digiri 34 zuwa 35 na ma'aunin Celsius, in zafi ya haura sai ta bar neman abinci ta koma ɗebo ruwa da fifita da fukafukai. Kore mai duhu zafi yake sha. Na ɗora tafin hannuna a gefensa da misalin ƙarfe uku na yamma, ban iya daɗewa ba, alhali maƙwabcinsa marar fenti ɗumi kawai ya yi. Kakin zuma sai ya kai 62 zuwa 64 yake narkewa, amma sabuwar saƙa mai ɗauke da nauyin zuma tun kafin nan take laushi. Wata ranar Asabar muka tarar da zuma tana ɗiga ta ƙofa, tururuwa sun yi layi. Saƙa uku sun ɓalle daga sanduna sun zube kan juna, farare tas, da 'ya'ya a cikin ta tsakiya. Kwana biyu bayan nan jama'ar suka tashi baki ɗaya. Wannan asarar ta fi ta farko yi mini ciwo, domin a nan rayuka ne suka amince da gidan da muka ba su.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka cewa barin akwati babu fenti shi ne mafita. Damina ɗaya ta ishe mu gani. Waɗanda ba a shafa ba sun yi baƙi, bakin katakon ya sha ruwa ya kumbura, da rani ya dawo ya tsuke, kusurwa biyu suka buɗe har ɗan yatsa na shiga. Ta irin wannan tsagar cinnaka ke shiga, da asun da ke cin saƙa. Akwatin da ya kamata ya yi shekaru yana aiki sai ya lalace tun bai mayar da kuɗinsa ba. Fenti a waje wajibi ne a wurin da ake ruwa wata biyar a jere sannan a yi rana mai fasa katako. A Ostireliya masu manyan gonaki har tsoma akwatuna suke yi cikin tafasasshen kaki don ya ratsa katakon, amma wannan aiki ne mai tsada da haɗarin gobara, ba na mai akwati goma sha biyu ba.

Gyaran biyar ɗin ya ci mana watan Disamba da rabin Janairu. Biyu da kananzir ya ratsa sosai kafinta ya canza musu allunan gefe da na ƙasa. Ukun kuma aka kankare cikinsu har sai da farin katako ya fito. A nan na dage kan abu ɗaya: a jiƙa samfefa kafin a goga, a rufe hanci, a yi aikin nesa da yara, a binne dusar. Gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai a kasuwannin Nijeriya sun sha nuna dalma fiye da kashi 90 cikin miliyan da ake ɗauka a matsayin iyaka, musamman a launuka irin su rawaya da ja da kore. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu, ba zai yi wasa da ƙurarta ba, balle ya yarda ta kusanci abin da za a sha a matsayin magani. Saboda haka ma ba mu ƙona fentin da wuta ba. Sai da katako ya fito tsirara sannan Kawu ya ɗan babbaka cikin da harshen wutar kara, sama-sama, har ya yi ruwan ƙasa.

Waje kuma muka kashe sheƙin koren da samfefa don sabon ya kama, muka shafa farin fentin ruwa, irin na bangon waje da ruwan sama ke duka, ba na cikin ɗaki ba. Shafa biyu marasa kauri, da kwana ɗaya a tsakani. Da sassafe muke yi a ƙarƙashin rumfa, kafin iskar hunturu ta taso da ƙura, domin rana ta farko da muka makara sai da gefen akwati ɗaya ya koma kamar an barbaɗa masa garin dawa. Bakin katako da kusurwa muka fi cika wa fenti, nan ruwa ke shiga. Ba mu taɓa sanduna ba, ba mu taɓa leɓen da suke zama a kai ba, haka ma cikin ƙofa. Baƙin mai da ake shafawa saboda gara a ƙafafun teburin ƙarfen da akwatunan ke zama a kai kawai muka sa shi, ko kusa da akwati bai je ba. A goshin kowane akwati muka yi 'yar alama, wani shuɗi, wani rawaya daga fentin ruwa, don ƙudan zuma su riƙa gane gidansu. Tun aikin Karl von Frisch, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, aka san zuma tana bambance shuɗi da rawaya sosai, ja kuwa kamar baƙi take ganinsa. Manoman Sulobeniya sun fi shekara 200 suna zana hotuna a goshin akwatunansu, har akwai gidan tarihi a garin Radovljica da ke adana su.

Sai jira. Muka jingine su a rumfa baki a buɗe, sanduna a ɗaure gefe guda, iska na ratsawa. Fentin ruwa cikin awa ɗaya ko biyu yake daina kama hannu, amma shi ma yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙarfin ƙarshe. Na riƙa danna farce a ƙasan akwati inda ba a gani. Makon farko yana barin shaida, a ƙarshen na biyu ya daina. Gwajin Kawu ya fi nawa tsanani. Sai ya jera sanduna, ya sa murfi, ya fitar da akwatin rana daga hantsi zuwa azahar, sannan ya zare sanda ɗaya ya sa hanci. A buɗe kowane akwati lafiya lau yake, sai an rufe shi ya ɗumama yake faɗin gaskiya. Ɗaya daga cikin ukun da aka kankare sau biyu yana faɗuwa wannan gwajin, sai da ya ƙara kwana goma.

A cikin mako na uku muka narka tsohon kaki, muka zizara a tsakiyar kowace sanda, muka goge bangon ciki da dunƙulen kaki da ganyen ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemo. Sinadarin da ke ba ta wannan ƙamshi yana cikin wanda zuma ke fitarwa idan tana kiran 'yan'uwanta zuwa sabon gida. Ba a yi awa biyu ba sai ga ƙuda uku suna shawagi a rumfar, ɗaya ta sauka a bakin ƙofa, ta shiga, ta fito, ta zaga bayan akwatin, ta sake shiga. Kawu ya ce, "To, masu gida sun zo gani. Gobe a kai su." A farkon Fabrairu muka mayar da su, wannan karon duka cikin inuwa sosai. Huɗu sun samu zuma kafin ruwan farko ya sauka.

Abin da muke bi yanzu shi ne mako biyu zuwa uku a buɗe ga fentin ruwa, wata guda cur ga fentin mai idan dole ta sa aka yi amfani da shi, kuma a waje kaɗai. Da damina, lokacin da iska ke da laima, sai a ƙara. Ko kwanakin sun cika, akwatin da bai wuce gwajin rana da hanci ba ba ya fita daga rumfa. Lissafin kuma daga baya muke faro shi. Tun da a ƙarshen damina zuma ta fi tashi a wajenmu, akwatin da ake so ya kama ta a Oktoba bai kamata a ce a Satumba ake neman burushi ba. Gara a haɗa shi a shafa tun da bazara, ya yi daminarsa a rumfa a buɗe.

Saura biyar ɗin farko da zuma ke ciki babu fenti. Ba mu shafa su da jama'a a ciki ba. Sababbin akwatuna muka shirya, idan sun wuce gwaji sai mu je da magariba da hayaƙi, mu ajiye sabon a daidai gurbin tsohon, mu ɗauke sanduna ɗaya bayan ɗaya da saƙarsu, a jere yadda suke. Uku mun riga mun sauya. Biyun da suka rage, nasu akwatunan suna rumfar Kawu yanzu haka, kwanansu tara da shafa ta biyu.